Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

’Ya’yana da jikokina na Gwashi, da ’yan’uwanku na Bukkuyum da Anka da Gummi. Allah ya yi muku albarka, ya tsare mana ku. Ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci, domin ina da labari, kuma a cikin labarin akwai maganar da nake so ku riƙe hannu biyu.

Labarin na wasu mutane ne da suka rayu nesa da mu, masu sana’ar da ba na fatan ɗayanku ya yi, wato leƙen asiri. Ban kawo su don yabo ba. Na kawo su ne saboda sun sayi wani ilimi da rayukansu, ilimin yadda magana ke cin mai ita idan ta hau iska. Yau kuwa mu mutanen yammacin Zamfara muna cikin waɗanda suka fi bukatar wannan ilimi, tunda kusan kowannenku yana yawo da na’urar aika saƙo a aljihu.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, duniya ta rabu gida biyu, Amurka da ƙawayenta a gefe guda, Tarayyar Sobiyet da nata a ɗaya gefen. Aka yi ta zaman doya da manja har zuwa 1991, zamanin da ake kira na Yaƙin Cacar Baka. Mu ma yaƙin ya iso mu, ta cikin akwatin rediyo. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus da Rediyon Sin suka biyo baya a 1963, Mosko ma ta yi nata, Muryar Amurka ta shigo a 1979, kowa yana zawarcin kunnen Bahaushe. Iyayenku sun san yadda ake murɗa rediyo da dare a gajeren zango, mita 16 ko 19 ko 25, ana laluben tasha. Tsakanin tasha da tasha akan ci karo da wata ƙara, ɗit-ɗit-ɗaa, ko kuma muryar wata mace tana jero lambobi biyar-biyar cikin baƙon harshe, ba gaisuwa ba sallama. Yawancin ƙarar nan ta jiragen ruwa ce da ofisoshin sadarwa. Lambobin kuwa umarni ne da ake aika wa ’yan leƙen asiri a ƙasashen da suke ɓoye.

An zaɓi gajeren zango ne saboda saƙonsa yakan tashi sama, ya bugi wani rufi na sararin samaniya, ya dawo ƙasa a can dubban kilomita, ko da na’urar da ta aika shi ƙarama ce. Mai saurare bai cika shiga haɗari ba, domin rediyo irin ta kowa yake kunnawa. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne mai aikawa. Da zarar ya fara buga saƙo, ya shaida wa duk mai kunne cewa ga shi nan.

Ga yadda ake gano shi. Ku ɗauka ana kiɗan biki da dare a wani ƙauye da ba a san ko wanne ba ne. Wani yana tsaye a gonar gabas, ya miƙa hannu wajen da yake jiyo ganga. Wani kuma yana gonar kudu, shi ma ya miƙa nasa. Idan aka ja layi daga hannayen biyu, inda suka haɗu nan makaɗin yake. Amma in makaɗin ya buga sau ɗaya tak ya yi shiru, kafin su waiwaya ya ɓace musu. To haka masu farautar rediyo suke aiki. Manyan tashoshin saurare su nuna garin, motoci masu eriya su nuna unguwar, sai a saki mutane a ƙasa da ƙananan na’urori cikin riga su nuna gidan. A lokacin Hitila, Jamusawa har wutar lantarki sukan ɗauke unguwa bayan unguwa, inda saƙon ya katse sun san nan ne. Duk wannan aiki abu ɗaya yake bukata, lokaci. Iyakar daɗewarka a kan iska, iyakar kusantowarsu gare ka.

Akwai wata baiwar Allah mai suna Noor Inayat Khan, ’yar wani malami Ba’indiye, wadda Ingila ta tura Faransa a watan Yuni 1943 don ta riƙa aika saƙo daga Paris. Rediyonta a cikin akwatin tafiya yake, mai nauyin gaske, ta riƙa ɗaukarsa daga wannan gida zuwa wancan har wata huɗu, a daidai lokacin da aka kame yawancin abokan aikinta. Motocin bincike ba su cim mata ba, tona ta aka yi. Da aka kama ta a watan Oktoba, ta ƙi faɗin komai duk da wahalar da ta sha, har aka kashe ta a sansanin Dachau a watan Satumba 1944. Sai dai an sami littafin da take kwafe saƙonninta a ciki. Da shi Jamusawa suka ci gaba da aika saƙo da sunanta, Landan ta gaskata, ta turo ƙarin mutane, suka sauka a hannun abokan gaba. Ku ajiye wannan a ranku, zan dawo gare shi.

Irin waɗannan asarori ne suka sa masana suka zauna suna tunani. Da hannu ake buga saƙo a wancan zamani, da alamomin Mos, gajeren bugu da dogon bugu, irin na wayar tangaraho. Mai matsakaicin gwaninta yakan buga kalma 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Saƙo mai kalma 150 ke nan zai ci kusan minti 10, kuma minti 10 ya ishi mafarauta su yi nisa. Sai aka ce, tunda hannun ɗan Adam ba zai wuce haka ba, a raba aikin biyu: a shirya saƙo a ɓoye rediyo na kashe, sannan a bar wa inji ya watsa shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Jamusawa sun gwada haka a jiragensu na ƙarƙashin teku a 1944 da wata na’ura mai suna Kurier, wadda saƙonta bai kai rabin sakan ba. Yaƙi ya ƙare kafin ta yi musu amfani, amma dabarar ta rayu, kuma ita ce ta zama jigon rediyon leƙen asiri a Yaƙin Cacar Baka.

Amurkawa suka ƙera tasu, GRA-71, wadda sojojinsu na musamman da ’yan leƙen asirinsu suka yi aiki da ita tun shekarun 1960. Kayanta duka sukan shiga cikin ɗan akwati guda. Mutum zai zauna a ɗaki, ya riƙa murɗa wani faifai harafi bayan harafi, kowane harafi yana sauka a kan zaren kaset. Idan ya gama, sai ya je inda zai aika, ya ɗaura eriya, ya haɗa kaset ɗin da wani ɗan inji da ake wanawa da hannu, ya danna. Injin yakan zuba kalma 300 a minti ɗaya. Saƙon nan na minti 10 ya koma sakan 30. A can hedkwata sai a naɗe shi, a sake juya shi a hankali, a karanta. Rashawa kuma suna da R-350, wadda ake huda lambobin saƙonta a jikin fim ɗin kyamara, domin fim abu ne da ake samu a kowace kasuwa ba tare da an zargi mai saye ba. Daga baya suka fito da R-353, mai aiki da zaren kaset.

Sauri kaɗai bai isa ba, domin wanda ya naɗi saƙon a hanya shi ma zai iya juya shi a hankali. Don haka sai an kulle maganar tukuna. Akan mayar da haruffa lambobi, sannan a ɗauko wani ɗan littafi cike da lambobin da ba su da tsari, wanda kwafinsa biyu ne kacal a duniya, ɗaya wajen mai aikawa, ɗaya wajen mai karɓa. A ce saƙonka 2, 5, 8 ne, shafin littafin kuma ya ba ka 7, 3, 4. Sai ka tara kowace lamba da ’yar’uwarta, ka yar da goma idan ta fito, ka sami 9, 8, 2. Shi za ka aika. Mai karɓa ya ɗebe 7, 3, 4, saƙo ya fito. Sharaɗin ɗaya ne, kowane shafi sau ɗaya ake aiki da shi a ƙone shi. In an kiyaye wannan, masana lissafi sun tabbatar babu mai iya buɗe saƙon, kome ƙarfin kwamfutarsa.

Ku dubi tsarin da kyau, ’ya’yana. Mutum yakan shafe sa’o’i yana tsara magana, yana rage ta, yana kulle ta, yana naɗe ta, duk don ya yi sakan 30 a kan iska. Shirin dogo ne, furucin gajere. Wannan shi ne zuciyar abin da nake so ku ɗauka.

To amma da yake an sami irin waɗannan kayan aiki, me ya sa aka ci gaba da kama su? A nan ne labarin ya fi kusa da mu.

Wasu sabo ne ya ci su. Eli Cohen ɗan leƙen asirin Isra’ila ne da ya zauna a Damaskas da sunan Kamel Amin Thaabet, ya shiga jikin manyan ƙasar Siriya. Da ya ga shekaru sun wuce ba abin da ya same shi, sai ya riƙa yawaita aika saƙo daga gidansa, kusan a lokaci guda kullum. A watan Janairu 1965 aka bi sawun rediyonsa da kayan bincike na Rasha, aka shiga aka same shi. Aka rataye shi a tsakiyar birnin ranar 18 ga Mayu 1965.

Wasu kuma neman sauƙi ne ya ci su. A 1942, yaƙi ya matsa wa Tarayyar Sobiyet, masu buga littattafan lambobin nan suka maimaita wasu shafuka don a yi sauri. Amurkawa sun adana saƙonnin da suka naɗa, suka yi ta haƙuri a kansu cikin wani shiri mai suna Venona, daga 1946 suka fara karanta su. Ta nan aka gano Klaus Fuchs da Julius Rosenberg, waɗanda suka miƙa sirrin bam ɗin nukiliya, shekaru bayan sun ɗauka maganar ta wuce. Abin da ya hau iska ba ya ruɓewa, yana nan ajiye a hannun wani yana jiran ranarsa.

Mafi yawansu kuwa mutum ne ya ci su. A unguwar Ruislip ta Landan akwai wasu mata da miji da maƙwabta suka sani da Peter da Helen Kroger, masu sayar da tsofaffin littattafai. A ƙarƙashin daɓen kicin ɗinsu akwai rediyon da ke kai saƙo Mosko da inji mai sauri. Abin da ya kai jami’an tsaro ƙofarsu a watan Janairu 1961 ya faro ne daga wani jami’in Polan da ya tsegunta wa Amurkawa cewa akwai mai sayar da sirri a wata cibiyar sojan ruwa ta Ingila. Aka duba, aka ga wani ma’aikaci, Harry Houghton, yana kashe kuɗin da ya fi albashinsa. Aka bi shi, ya kai su ga ubangidansa, ubangidan ya kai su gidan Kroger. Haka kuma Janar Dmitri Polyakov na leƙen asirin sojan Sobiyet, wanda ya yi wa Amurka aiki tun 1961. An ba shi wata ’yar na’ura da yakan danna idan ya zo wucewa ta gaban ofishin jakadancin Amurka a Mosko, saƙo ya tafi cikin ƙasa da sakan 3. Na’urar ba ta taɓa tona shi ba. Wasu jami’an Amurka biyu, Robert Hanssen da Aldrich Ames, su suka sayar da sunansa. Aka kama shi a 1986, aka kashe shi a 1988.

Yanzu mu dawo gida. Kun san halin da muke ciki, ba sai na tuna muku ba. Kun san harin da ’yan bindiga suka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon watan Janairu 2022, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Kun kuma tuna yadda aka rufe layukan waya a Zamfara duka a watan Satumba 2021, aka tsayar da kasuwannin mako, har mutum sai ya tsallaka wata jiha kafin ya ji muryar ɗansa. Dalilin da hukuma ta bayar shi ne, ta waya labarin gari ke isa daji. Kowa ya ɗanɗani wahalar wannan mataki, amma ya nuna mana cewa wayar da muke ɗauka abin hira ce ta zama makami a ƙasarmu.

Saboda haka nasihata ta farko, ku sani waya rediyo ce mai aikawa. Muddin tana kunne, tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa, tana faɗin yankin da kuke. Abin da kuka tura a WhatsApp ko Facebook kuma ya bar hannunku, mutum ɗaya a cikin zauren ya isa ya miƙa shi inda ba ku nufa ba. Kada ku baza cewa wane ya sayar da shanu a Nasarawar Burkullu, ko wane ya dace da zinari, ko buhu nawa aka zuba a rumbun gidanku. Kada ku ɗauki hoton sojoji ko Askarawa suna wucewa ku watsa, ko da murna ce ta sa ku. In za ku yi tafiya ta Daki Takwas ko Anka, iyaye da wanda ya wajaba su sani sun isa, sauran jama’a su ji labari bayan kun sauka lafiya. ’Yan matana, ku ma da ku nake, kayan ɗaki da ranar kai amarya ba abin shela ba ne a wannan zamani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ta biyu, riƙon sirri ba ya nufin a ɓoye haɗari ga masu haƙƙin sani. Idan kun ga abin tsoro, ku kai ga mai gari ko hakimi ko jami’an tsaro, kuma a nan ne dabarar mutanen can za ta yi muku rana. Kun san yadda sabis yake a wajenmu, sai an hau tudu, ya zo ya ɗauke. Kafin ku danna kira, ku tsara maganar a zuci: me na gani, a ina, yaushe, su nawa, ina suka nufa. Ku raba abin da idonku ya gani da abin da kuka ji an ce. Magana huɗu tsararru ta fi surutun minti goma cikin ruɗewa, kuma takan ceci gari.

Ta uku, ku tuna rediyon Noor da ya ci gaba da magana bayan an kama ta. Saƙo daga lambar ɗan’uwanka ba hujja ba ne cewa ɗan’uwanka ne ya turo. Ana ƙwace waya, ana sace layi, ana tilasta mutum ya faɗi abin da ba shi ne a ransa ba. In aka ce ka turo kuɗi, ko ka fito ka same ni a wuri kaza, ka dakata, ka bincika ta wata hanya, ka shawarci babba. Jita-jitar da aka turo muku da murya kuma, kada ku zama ku ne matakalarta zuwa wasu wayoyin.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi a zuciyata. Da ɗan gari akan ci gari. Na san talauci, na san yadda rashin noma ya tsananta wa samari, na kuma san akwai masu zuwa da ’yan kuɗi ko katin waya su ce ai labari kawai za ka riƙa ba mu. ’Ya’yana, wannan labarin jinin maƙwabcinku ne, kuma wata rana na gidanku. Aldrich Ames ya karɓi fiye da dala miliyan 2, ya sayi gida da mota mai tsada, kuɗin nan su suka jawo ido kansa, aka kama shi a 1994 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Infoma ba shi da daraja ko a wajen wanda yake yi wa aiki, ranar da amfaninsa ya ƙare shi ma ya ƙare. Wanda aka riga aka ja a cikinku, ko aka tsorata shi har ya fara, ƙofar tuba a buɗe take. Ya sami malami ko dattijon da ya amince da shi tun kafin abin ya fi ƙarfinsa.

Tare da haka, ku ji tsoron Allah wajen zargi. A hukumar leƙen asirin Amurka an yi wani shugaban sashe, James Angleton, wanda tsoron maci amana ya sa ya riƙa zargin abokan aikinsa, har aka lalata rayuwar mutanen da daga baya aka tabbatar ba su da laifi. Gari ma haka yake. In kowa ya zama abin zargi, an yi wa abokan gaba rabin aikinsu. Kada gaba ta gona ko ta neman aure ta sa ku laƙaba wa wani sunan infoma, kada kuma a ɗauki doka a hannu. Mai hujja ya kai ta ga hukuma.

Ta ƙarshe, kada labarin nan ya sa ku ƙi na’ura. Waɗanda suka ƙera GRA-71 da R-353 su ma a da yara ne da suka zauna aji suka koyi lissafi da ilimin lantarki. Wanda Allah ya hore wa hali a cikinku, ga kwalejin fasaha a Kaura Namoda da Talata Mafara, ga jami’a a Gusau. Wanda bai samu ba, ya zauna gaban mai gyaran waya ko mai haɗa sola ya koya da gaske. Muna bukatar ’ya’yanmu da suka san yadda saƙo ke tafiya, domin su kare mana shi.

Ku auna magana kafin ta fita, ku faɗe ta ga wanda ya dace, ku taƙaita, ku riƙe amanar garinku ko da aljihu babu komai. Allah ya tsare harsunanku da hannayenku daga cutar da bayinsa, ya shiryi waɗanda suka ɓata, ya dawo mana da zaman lafiya a Gwashi da Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Allah ya yi muku albarka.